Garin Neman Gira: Ni da Hitar Motata

Akwai kuskuren da mutum kan yi ya bar wa cikinsa, akwai kuma wanda ɓoye shi zalunci ne, domin gobe wani zai taka inda ka taka. Nawa irin na biyun ne. Da bakina na sa aka kashe wata kariya da masu ƙera mota suka tanada, na zuba kuɗi a inda babu matsala, na ci mutuncin mai sana'a a gaban yaransa, daga ƙarshe na kai iyalina bakin halaka a kan hanya. Duk wannan a kan abin da yawancinmu ba ma sa shi cikin lissafin lalacewar mota: iskar hita da esi ta ƙi sauya mafita.

A Jos nake zaune, aiki kuma yana yawan kai ni Abuja ta Akwanga. Motata tsohuwa ce 'yar Amurka, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, irin manyan nan masu kwashe iyali da kayansu, na saye ta ta hannu. Wanda bai san Jos ba zai ce me ɗan Najeriya zai yi da hita. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asubarsa har ƙashi yake shiga. Mai kai yara makaranta da sassafe ya san amfaninta.

Matsalar ba rana ɗaya ta faɗo ba, sai da ta yi ta aiko da saƙo. Duk lokacin da na kamo Hawan Kibo a hanyar dawowa Jos na danna totur, sai iskar da ke bugun fuskata ta ɗauke, in ji ta koma tana fita ta ƙasan gilashin gaba. Da na sassauta ƙafa sai ta dawo. Na lura, na ce tsufa ne. Na kuma lura silon motar ya ɗan canza, tana 'yar karkarwa idan na tsaya a danja, ga wani siririn huci da nake ji in na ɗaga bonet don duba mai. Ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba. Da hunturu ya kankama, sai iskar ta tare a gilashi gaba ɗaya. Ka murɗa makunni zuwa ƙafa, shiru. Ka murɗa zuwa fuska, shiru. Fanka tana aiki, zafi yana zuwa, sanyi yana zuwa, amma duk ta hanya ɗaya. Yara a baya suna cusa ƙafafu cikin riguna, gilashi shi kaɗai ke shan ɗumi.

Wani abokin aikina ya taɓa fama da abin da ya yi kama da wannan a motarsa 'yar Japan, wadda ta fi tawa sabunta nesa ba kusa ba. Shi allon makunnan aka canza masa gaba ɗaya, ya huta. Na ɗauki labarinsa, na haɗa da 'yan bidiyoyin da na kalla a waya, na yanke hukunci tun ina gida. Ban tsaya na tambayi ko tsarin motarsa da na tawa ɗaya ne ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a wuyana na ɗauke shi har gareji.

Mai gyaran esin da na je wurinsa dattijo ne, mai sanyin magana. Ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makunnin a hankali yana kasa kunne, sannan ya ce, "Alhaji, kafin ta tsaya cak, tana tafiya tana dawowa?"

Amsar wannan tambaya tana bakina, kuma ita ce mabuɗin komai. Maimakon in ba shi, sai na ce, "Malam, na riga na bincika. Makunni ne. A canza kawai."

Wani yaronsa da ke tsaye da safana a hannu ya ce, "Oga, ko a ɗaga bonet a duba tiyo?"

Na juya na dube shi sama da ƙasa. "Kai yaro, iska a cikin mota, me ya haɗa ta da bonet?" Sauran yaran suka yi dariya, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Dattijon ya ce, "Alhaji, maganar yaron tana kan hanya. A bari mu duba, ba zai ɗauki lokaci ba." Na ce sauri nake yi. Ya yi shiru, can ya ce, "To, motarka ce, kuɗinka ne. Amma ka shaida ni ban ce shi ne ba."

Na aika Kano aka nemo min allon a Ƙofar Ruwa, da tsadarsa. Aka cire tsohon, aka sa wannan, aka tayar da mota. Iska tana nan a gilashi, ko gezau. A wannan lokacin ya kamata kunya ta kama ni in ce a ɗaga bonet ɗin. Sai fushi ya zo a madadinta. Na ɗaga murya a gaban yaransa da sauran masu jiran gyara, na ce bai san aiki ba, na ce ya lalata min kaya wajen ɗaurawa, na ƙi cika masa kuɗin aikinsa, na ja mota na tafi. Bai mayar min da ko kalma ɗaya ba.

Daga nan na nemi wanda zai yi abin da na ce ba tare da tambaya ba, kuma irinsu ba su da wuyar samu. Zafi ya fara shigowa a lokacin, tafiyar Abuja babu iska a fuska azaba ce. Na ce masa, "Ni dai iska ta dawo fuska, ko ta yaya." Ya kwanta a ƙasan dashbod da tocila a baki, ya zare hannun da ke motsa ƙyauren da ke raba iskar, ya banƙare ƙyauren da filaya zuwa wajen fuska, ya ɗaure shi tam da waya. Na ji wani ɗan ƙas lokacin da yake banƙarawa, ya ce ba komai. Iska ta bugi fuskata, na biya shi da murna, har ina ba abokai labarin na samu gwani. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa daga ranar babu sauran iskar da za ta taɓa gilashin gabana.

Damina ce ta zo da sakamakon. A watan Agusta muna dawowa daga biki da iyali, dare ya same mu bayan Akwanga, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mota cike, tagogi a rufe, esi a kashe saboda yara suna jin sanyi. Muna fara hawa gilashi ya soma gumi daga ciki, ya faro daga gefe yana cin tsakiya. Waifa tana ta aikinta a waje, amma hazon a ciki yake. Na murɗa makunni zuwa alamar gilashi. Iska ta ci gaba da bugun fuskata. A nan na tuna wayar nan. Na kunna esi, shi ma fuska yake hurawa, kafin ya busar da iskar mota guda an daɗe.

Uwargida ta cire mayafinta tana goge gabana. Duk inda ta goge sai ya dame, hasken fitilun manyan motocin da ke gangarowa ya watsu a kai, in daina ganin komai sai fari. Tana cewa, "Malam, ka tsaya, don Allah ka tsaya," ni kuma babu wurin tsayawa, kwana ce a kan kwana. Na sauke gilasan gefe, ruwa yana dukan yara suna kuka. Wata tirela ta lalace a hannunmu, an jera ganye a bayanta kamar yadda aka saba, amma ban ga ganyen ba, ban ga tirelar ba, sai da ƙarfen bayanta ya cika min ido. Na taka birki da duk ƙarfina, motar ta ja ta tsaya. Da na fito, tsakanin hancin motata da wannan ƙarfe bai kai taku guda ba. Babu abin da ke fita daga bakin kowa sai salati. Ba iyawata ta tsayar da motar nan ba, Allah ne ya sa da sauran kwananmu a gaba.

Na koma wurin dattijon da ƙafafuna a sanyaye. Na ba shi labari tun daga Hawan Kibo na farko, wato amsar tambayar da ya yi min na hana shi. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya kira yaron nan dai, ya ce, "Ɗaga bonet." Mota tana silo, yaron ya karkata kunne yana bin hucin, ya ɗora yatsa a kan wani siririn baƙin tiyo da ya taso daga bututun shaƙar iskar inji ya nufi cikin mota. Kusa da batir ya tsaya. Tiyon ya bushe saboda zafin inji da shekaru, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ya toshe tsagar da babban yatsa, huci ya ɗauke, karkarwar injin ta lafa nan take. Ya yanke wurin, ya haɗa da guntun tiyon roba. Kuɗin abin bai kai na litar fetur ɗaya ba.

Sai dai gyaran bai ƙare a nan ba. Da aka kwance wayar, aka tarar hannun ƙyauren ya tsage tun ranar da aka banƙare shi, wato ƙas ɗin da na ji. Roba ce, a cikin akwatin iska take, ba a kai mata sai an sauke dashbod baki ɗaya. Aikin da yatsa ɗaya zai gano ya koma na kwance sitiyari, rediyo da wayoyi.

Da akwatin ya fito fili ne dattijon ya zaunar da ni ya nuna min abin da na daɗe ina magana a kai ba tare da na taɓa gani ba. Fanka tana turo iska, ta ratsa ɗan lagireton esi mai sanyaya ta, sannan ga wani ƙaramin lagireto da ruwan inji mai zafi, kusan digiri 90, ke bi ta cikinsa, wanda shi ne hitar. Sauran aikin na ƙyamare ne. Ɗaya yana zaɓar iskar waje ko ta cikin mota, ɗaya yana gauraya zafi da sanyi, wasu kuma suna raba iskar tsakanin fuska, ƙafa da gilashi. Kamar ban-ruwa ne a lambu: ruwa yana nan a babbar hanya, mai lambu ne ke toshe nan ya buɗe can. Idan fanka na hurawa, zafi da sanyi na zuwa, amma mafita ta ƙi sauyawa, to matsalar tana ga ƙyauren rabo ko abin da ke motsa shi.

Abin da ke motsa shi kuwa iri uku ne, kuma a nan ilimin aro ya kayar da ni. Wasu motoci kebur ne ya taso daga makunni zuwa ƙyaure, kamar Golf 3 da tsofaffin Corolla. Wasu ƙaramin moton lantarki ne mai haƙoran roba, kamar Accord ta 2003 da yawancin na bayanta. Wasu kuma, musamman tsofaffin Ford, Jeep da Chevrolet, da zuƙar inji suke aiki. Tawa tana cikin kashi na uku, ta abokina tana na biyu.

Injin fetur yana zuƙar iska da ƙarfi idan totur na rufe. A silo, ma'aunin zuƙa kan nuna inci 17 zuwa 22 a lafiyayyen inji a ƙasa mai daidai da teku. Wannan zuƙar ce ake ja ta siririn tiyo zuwa makunni, shi kuma ya raba ta ga wasu 'yan gwangwanaye masu tantanin roba da ke jan ƙyamare. Idan aka danna totur sosai, zuƙar takan faɗi kusan sifili, shi ya sa ake sa bawul mai hanya ɗaya da ɗan tulun roba da ke ajiye ta don lokacin hawa. Tudu ma yana rage ta, kusan inci ɗaya a kowace ƙafa 1,000, don haka motar da ke Jos ta riga ta yi asarar kimanin inci huɗu tun kafin a taɓa ta. Ƙaramar tsaga a tiyo, ga hawa, ga tudu: dole Hawan Kibo ya zama wurin da abin zai fara bayyana. Motar ta faɗa min ciwonta dalla-dalla, ni ne ban saurara ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dalilin da ya sa iskar ta gudu gilashi ba wani wuri ba. Da gangan aka yi. An sa sifirin da zai mayar da ƙyauren wajen gilashi duk lokacin da zuƙa ta ɓace, domin direba zai iya tuƙi da zafi ko da sanyi, amma ba zai iya tuƙi ba ya gani ba. A Amurka tun 1968 ƙa'idar tsaron motoci mai lamba 103 ta wajabta wa motocin fasinja su zo da tsarin share hazo da ƙanƙara daga gilashin gaba. Mu ba mu da ƙanƙara a hanya, amma muna da damina. Ruwa yana sanyaya gilashi daga waje, numfashin mutane da jiƙaƙƙun tufafi suna cika mota da laima, laimar ta kwanta a kan gilashin. Shi ya sa a mafi yawan motoci, da ka zaɓi alamar gilashi kwamfireson esi ke tashi da kansa, ya tsane laimar kafin iska ta isa wurin. Abin da na kira lalacewa tanadi ne na ranar wuya, ni kuma na biya kuɗi aka ɗaure shi da waya.

Kafin a mayar da dashbod na roƙi dattijon ya tara yaransa, domin a gabansu na yi laifin. Na ce, "Malam, na zalunce ka, na ci maka fuska a kan gaskiyarka. Ka yafe min." Na cika masa kuɗinsa na baya. Ya ce, "Ya wuce, Alhaji, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na nemi afuwar yaron shi ma, wanda ya faɗi daidai cikin jimla ɗaya aka yi masa dariya saboda ni.

Ga abin da na tsinta, ga duk wanda iskar motarsa ta ƙi juyawa. Da farko ka tantance wace matsala ce. Idan fanka ce ba ta hurawa, wannan zancen fis ne, ko moton fankar, ko abin da ke rage mata gudu. Idan tana hurawa amma babu ƙarfi ta kowace mafita, ka duba matatar iskar cikin mota in tana da ita, ƙurar hunturu tana toshe ta. Idan zafi ne ba ya zuwa, ka duba ruwan lagireto da inji a sanyaye, ka tambaya ko an cire tamostat ko an karkatar da tiyon hita. Sai idan mafita ce kaɗai ta ƙi sauyawa za ka nufi ƙyauren rabo, kuma kafin ka sayi komai ka san wane iri ne a motarka.

In na kebur ne, hannunka zai gaya maka. Makunni ya yi sakwa-sakwa, kebur ya zame daga maƙalinsa ko ya tsinke. Ya yi tauri, wani abu ya tokare ƙyauren, sau da yawa biro ko tsabar kuɗi da suka faɗa ta ramin gindin gilashi, ko soson da ke jikin ƙyaure ya ruɓe ya tattare. Kada ka murɗa da ƙarfi, roba ce za ta karye.

In na lantarki ne, kashe rediyo, rage fanka, ka murɗa kana saurare. Ƙas-ƙas-ƙas a bayan dashbod yakan nuna haƙoran moto sun cinye. Shiru gaba ɗaya yana sa a fara da fis da soket kafin a zargi moton. Wasu motocin sukan rikice bayan an cire batir, sai an sake saita su. Kwamfutar gwaji mai kyau tana karanta lambobin wannan sashe, masu farawa da harafin B, amma ƙananan masu araha galibi na inji kawai suke gani. Idan an cire moton, a motsa ƙyauren da hannu tukuna, domin sabon moto a kan ƙyauren da ya maƙale shi ma haƙoransa za su tafi.

In kuwa na zuƙa ne, kuma iska ta tare a gilashi ko tana gudu can a hawa, fara daga bonet: tiyo, bawul, tulu, da bakin da tiyon ke shiga cikin mota. Musamman ka duba idan kwanan nan an canza batir ko fulogi, domin hannu yakan ture siririn tiyo ba a sani ba. Duk aikin da zai kai ga kwance dashbod, a cire kan batir a dakata 'yan mintoci, a kuma kiyayi wayoyi masu rawayan soket, na jakar iskar kariya ne.

Ba ni kaɗai ke da wannan hali ba. Mun saba da cewa abu kaza na ƙasar sanyi ne, a cire. Haka ake cire tamostat, a toshe hita, a kashe fitilar gargaɗi maimakon a nemi abin da ya kunna ta. Sau da yawa kuma ba makanike ne ke kawo shawarar ba, mu masu mota ne ke matsa masa, don sauri ko don kada a ce ba mu sani ba. Mai sana'ar da ya tsaya yana yi maka tambayoyi ba ɓata maka lokaci yake yi ba, aikin ke nan ya fara. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda ka ce yanke, ya yanke.

Ɗan'uwa mai mota, idan ka je gareji, kai alama ce taka: yaushe ta fara, a ina take yi, wane sauti ka ji, me aka taɓa kafin nan. Faɗi wannan duka, ka bar masa hukunci. A fara da abu mafi kusa kuma mafi araha kafin a sayi mai tsada. Kada ka yarda a ɗaure ƙyauren iska a fuska ko da na kwana ɗaya ne. In dole sai an ɗaure kafin a samu kayan gyara, a ɗaure shi a gilashi. Kafin damina ta sauka, tayar da motarka, murɗa makunni zuwa alamar gilashi, ka ɗora tafin hannu a gindin gilashin ka tabbatar iska tana fita. Idan ba ta fita, kada ka ɗauki iyali ka hau hanya da dare sai an gyara.